Bindigar wasan harbi: ƙaramar ce ta ƙwarai, amma a duba doka

Matasanmu na yawan turo bidiyon wasan harbi na Amurka, suna tambayar wace bindiga ce ta fi inganci cikin masu ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi. Idonsu na kan AR-15, don ita ce mai kwarjini a hoto.

Mu a ganinmu, wanda iya saiti ya dama, Ruger 10/22 ce tasa. Tun 1964 ake ƙera ta, gidan harsashinta na cin 10, harsashinta na .22 kuma ga araha, ga shi ba ya dukan kafaɗa. Mai koyo sai ya wuni yana harbi bai gaji ba. Wannan ɗan ƙaramin harsashin ne ma ake harbawa a gasar mita 50 ta Olamfik. Bindigar da ta shekara sittin a kasuwa kuwa, kayan gyaranta ba sa wuyar samu.

Amma fa wannan zancen Amurka ne. A nan, dokar makamai ta 1959 ta ce ko bindigar iska sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, mai harsashin soja irin 7.62 kuwa sai da amincewar shugaban ƙasa. Kada kowa ya saya a bayan fage da sunan wasa, kada kuma ya karɓi ajiyar wani. Yadda ake kallon Bahaushe a Kudu yanzu, yaro ɗaya aka kama da bindiga ba takarda, duk Sabo za a kira 'yan bindiga.