Karatun jinya na gaggawa: a gajarta hanya, amma a matse ƙofa



Duk shekara in sakamakon BEPC da na Bak ya fito, wayoyinmu sai su cika da talla. Wata makaranta ta ce kawo ɗiyarka ta zama likita cikin ɗan lokaci, wata ta ce babu kankur babu wahala, kuɗin rajista kawai. Iyaye da dama sun tambaye mu ko wannan gajeriyar hanya abin bi ce. Shi ya sa yau muka ce bari mu faɗi namu ra'ayin, kowa ya auna.

Mun san wani dattijo a wani ƙauye nan kusa da mu. Ya sayar da ayar da ya noma, ya haɗa da awaki biyu, ya kai ɗiyarsa wata makarantar kuɗi a birni. Ranar rajista ba wanda ya tambayi yarinyar ko me ya sa take son aikin, ba wanda ya duba ko ta iya lissafin awon magani. An karɓi kuɗi, an ba ta rasit, an ɗinka mata farar riga. Ta yi karatunta da gaske, ba wasa. Sai da lokacin jarrabawar ƙasa ya zo aka ce sunan makarantarsu ba ya cikin waɗanda aka yarda su kawo ɗalibai. Yau tana gida, rigar tana cikin akwati, uban kuwa ko zancen ba ya son a tayar. Wannan shi ne sauri ya haifi nawa.

Duk da haka ba mu cikin masu cewa duk wata gajeriyar hanya haramun ce. Ra'ayinmu shi ne: ana iya rage tsawon karatun jinya ga wanda ya riga ya yi nisa, amma in an rage lokaci dole a tsananta tantancewa a bakin ƙofa. Inda aka gajarta karatu kuma aka buɗe ƙofa ga duk mai kuɗi, to ba makaranta ba ce, kasuwa ce.

Mu fara da hanyar da aka sani. Mai BEPC yana shiga karatun ASB, wato ma'aikacin lafiya na matakin farko, shekara 3. Mai Bak yana neman lisans na jinya ko na unguwarzoma, shi ma shekara 3. Gwamnati tana da makarantunta na ENSP, ɗaya a Damagaram, ɗaya a Yamai wadda ke ɗauke da sunan Damoure Zika, mutumin da duniya ta sani a finafinan Jean Rouch, alhali a gida mai jinyar jama'a ne har ya rasu a 2009. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da tsangayar kimiyyar lafiya. Sannan ga makarantun kuɗi, akwai na ƙwarai a cikinsu, akwai na jeka-na-yi-ka. A ƙarshe akwai jarrabawa guda ta ƙasa da ɗaliban makarantun lafiya ke zama, ta gwamnati da ta kuɗi duka, kafin takardar mutum ta zama takarda.

To me ya sa kowa ke gaggawa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya kai yaro CSI a watan Agusta ko Satumba, lokacin da masassarar cizon sauro ta haɗu da tamowa, ya ga abin da idonsa. Uwaye a jere ƙarƙashin itace, majo shi ne mai duba marar lafiya, shi ne mai allura, shi ne mai cike takardu, da dare kuma a buga masa ƙofa don haihuwa. Mizanin da hukumomin lafiya ke yawan ambata shi ne ma'aikacin jinya ɗaya ga mutum 5,000. Je ka ƙauyukan Gangara, ko Sae Sabuwa, ko Gidan Sori, ka ƙidaya da kanka. Tun 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, a 2024 kuma aka rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Alheri ne babba, amma duk ragin da aka yi, layi ne ke ƙaruwa a gaban mutum ɗayan nan.

Kuma kar mu manta, ƙasarmu ta taɓa gwada horo na gaggawa, ta ga amfaninsa. Zamanin marigayi Tandja Mamadou, a ƙarƙashin shirinsa na musamman, an gina ɗakunan shan magani na ƙauye, waɗanda muke ce wa kaz, kusan 2,000. Aka ɗauki matasa aka ba su horo na 'yan watanni, aka ce su riƙe su. An koya musu abu kaɗan amma mai ceton rai: gane masassara, gudawa da ciwon haƙarƙari a jikin yaro, ba da magani, da sanin lokacin da za a ce wannan ya fi ƙarfina, a wuce da shi CSI. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma kusanto da magani ga ƙauye yana cikin manyan dalilai. Darasin a fili yake: gajeren horo ya yi aiki saboda an iyakance abin da aka ɗora wa mutum. Ba a ce masa ya zama cikakken malamin jinya cikin wata shida ba.

Can ƙasashen da aka ƙirƙiro karatun jinya na gaggawa ma haka abin yake. A Amurka, jami'ar Saint Louis ce ta fara shi a 1971. Ba ɗan da ya gama sakandare ake ɗauka ba. Sai wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni, ya kuma ci darussan sanin jikin ɗan Adam da ƙwayoyin cuta tun kafin ya nema. Sannan a matse masa karatun cikin wata 12 zuwa 18, ba dogon hutu, kuma sa'o'in aiki a gaban marar lafiya ba a rage masa. Makarantu da yawa sai sun zaunar da mai nema sun yi masa tambayoyi: me ya sa ka bar aikinka, ya za ka ci da kanka tunda ba za ka samu lokacin neman kuɗi ba, me ka taɓa yi da hannunka ga marar lafiya. A ƙarshe jarrabawar da kowa ke yi ita zai yi. Kun ga ke nan, abin da aka rage maimaici ne, ba ilimi ba.

Maƙwabtanmu na Katsina kuwa ta wata fuska suka bi. Daga 2012, wani shiri da Ingila ta tallafa a jihohin Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, da sa hannun mutanen garinsu, a ba su shekara guda ta share fage don su cika sharuɗɗan shiga makarantar jinya da unguwarzoma, bisa alkawarin za su koma su yi wa garinsu aiki. Su ƙara lokaci suka yi ma, ba ragewa ba, domin sun gane matsalar ba tsawon karatu kaɗai ba ce, wa aka ɗauka kuma ina za shi bayan ya gama.

To mu nan, su wa suka cancanci gajeriyar hanya? A ganinmu kashi biyu ne. Na farko, ma'aikatan kaz da 'yan ASB da suka share shekaru suna aiki a ƙauye, har da 'yan kwantaragi da masu aikin sa-kai da ke kwana a CSI ba albashi. Mace ta karɓi haihuwa shekara takwas a Cadakori, ka ce ta koma ta fara daga koyon wanke hannu tare da yarinyar da ta fito lise jiya? Ɓarnar lokaci ce da ta kuɗi. Na biyu, matasanmu masu lisans a ilimin halittu ko sinadarai, da ke zaune a fada suna shan shayi ko suna kabu-kabu. Rabin abin da ake koyarwa a shekarar farko sun riga sun san shi. Muna kira ga ma'aikatar lafiya ta duba yadda za a buɗe wa waɗannan hanya ta doka, a makarantun da aka amince da su, da jarrabawar ƙarshe iri ɗaya da ta kowa.

Amma ga sharaɗinmu: kada dosiye da jarrabawar rubutu su wadatar. A zaunar da mutum a yi magana da shi ido da ido. Takarda tana nuna abin da ka haddace, ba ta nuna yadda za ka yi da uwar da ta shigo da ƙarfe biyun dare da yaro yana jijjiga. A tambaye shi: in ka yi kuskuren awon magani kuma ba wanda ya gani, me za ka yi? In mai gida ya ƙi a wuce da matarsa Maraɗi alhali tana zubar da jini, da wane baki za ka shawo kansa? In an tura ka inda babu lantarki babu rezo, za ka zauna ko za ka fara neman wanda zai yi maka hanya a maido ka birni? Kuma a yi rabin hirar da Hausa. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma tun kafin nan marar lafiyar Tchadoua da Tibiri ba da Faransanci yake faɗin inda ke masa ciwo ba. Wanda ba zai iya bayyana wa tsohuwa yadda za ta ba jikanta magani sau uku a yini ba, ko da ya ci ashirin bisa ashirin, da sauransa.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya: hira ƙofar alfarma ce. Ɗan wane zai shiga a gaisa a yi dariya a ba shi maki, ɗan talaka ya fito da gumi. Wannan tsoro ne na gaske, mun ga irinsa a wurare da dama. Amma maganinsa ba a soke hirar ba ne, a ɗaure ta. Masu tambaya su kai uku, a ciki har da majo ko unguwarzoma da ta yi aikin ƙauye. Tambayoyi iri ɗaya ga kowa. Kowane mai tambaya ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin su haɗa. Wanda ke da dangi cikin masu nema ya tashi. A liƙa sakamako a bango, a karanta a rediyo. In an yi haka, ɗiyar manomi da ta yi shekara tana taya aiki a CSI za ta fi ɗan gata abin faɗa.

Ku kuma matasa masu shirin nema, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku duba takardar haihuwarku tun yanzu: sunan da ke kanta da ranar haihuwa su zo daidai da na diflom, harafi ɗaya yana iya mayar da dosiye baya. Takardar zama ɗan ƙasa tana ɗaukar lokaci, ku nema da wuri. Ta shaidar rashin laifi kuwa wata uku take yi ta mutu, kada ku karɓe ta tun ba a buɗe rajista ba. Ku kai kofe a buga musu hatimi, asalin ya zauna a hannunku. In kun taɓa aikin sa-kai, ko rabon maganin rigakafin masassara na damina, ko allurar shan-inna, ku nemi shaida a rubuce daga wanda kuka yi aiki a ƙarƙashinsa. In an kira ku hira, ko a makaranta ko wajen ƙungiyoyin da ke ɗaukar ma'aikata, kada ku haddace jawabi. Ku faɗi abu ɗaya da kuka gani da idonku da abin da ya koya muku. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ban sani ba, zan tambaya. A aikin jinya wannan amsar tana ceton rai, ƙaryar sani ita ke kisa.

Iyaye, kafin ku kwance akuya ko ku buɗe rumbu, ku yi tambaya huɗu. Ina takardar izinin buɗe makarantar, a nuna muku da ido? Ɗalibanta suna zama jarrabawar ƙasa, kuma nawa suka ci bara? A wane asibiti suke koyon aiki, wata nawa? Wa ke koyarwa? In kun yi shakka, ku je ofishin lafiya na gunduma ko na jiha a Maraɗi ku tambaya, kuɗin mota ya fi asarar shekara biyu sauƙi. Makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba ku amsa. Wadda ta karɓi ɗanku ba ta tambaye shi komai ba, aljihunku take so ba shi ba.

Magabata sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ba mu musa ba. Sai dai wanda ya riga ya ci rabin hanya da ƙafarsa, bai kamata a maido shi mafari ba, wanda bai taka ko ɗaya ba kuma kada a ɗauke shi a kai shi ƙarshe don ya biya. Gobe ɗayanmu ne zai kwanta a gadon nan, ko matarsa, ko ɗansa, kuma hannun da zai nemi jijiya ya sa ƙarin ruwa, yau ne ake zaɓensa.

Magadan gari, sarakuna da kwamitocin kula da asibitoci, maganar tana hannunku ku ma: ku san yaran garinku da ke da zuciyar aikin, ku tsaya musu, ku kuma karɓi alkawarin za su dawo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu kwana a kansu da alheri, ya ba ɗiyanmu sa'a. Mu kwana nan.