Na'ura Ta Fara Waƙa, Ina Masananmu?

Tun da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, wani fagen ilmi ya bunƙasa a jami'o'in duniya, watau binciken yadda mutum da na'ura mai ƙwaƙwalwa za su haɗa hannu su ƙago labari, ko waƙa, ko zane. Ana ɗaukar malamai dominsa, ana ba da digirin dakta a kansa. Mu dai a ganinmu, aiki ne da ya kamata 'ya'yan 'yan Arewa mazauna Kudu su sa ido a kai.

Kada wani ya ce ai wannan sai injiniya. Harold Cohen mai zane ne ɗan Ingila, ya yi suna da zanensa kafin ya koma Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego a 1968. A can ya koyi sarrafa kwamfuta, ya ƙera wani tsari mai suna AARON wanda ke zane, kana ya yi ta gyaransa har ya mutu a 2016. Sanin zane ya fara kawowa, na kwamfuta ya biyo baya.

To, ga namu aikin da ke jira. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali da gajere, ba ya nuna karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo duk ɗaya suke a takarda, haka "baƙi" na launi da "baƙi" masu zuwa ziyara. Alhali kuwa karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa da sauƙinta yake tafiya. Na'urar da ta koyi Hausa daga takarda kawai tana iya jera baiti biyar da amsa-amo tsaf, amma da makaɗi ko mai bege ya rera, sai a ji ƙafar waƙar ta karye. Wa zai gyara wannan in ba wanda ya tashi da harshen a kunnensa ba, ya kuma yi karatun lissafi? Ƙungiyar Masakhane, wadda masana na Afirka suka kafa don harsunanmu, da ta HausaNLP, sun soma share fagen, amma ma'aikata sun yi kaɗan.

Yaron da ya tashi a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba, yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci tun yana ƙarami. Irinsa ake nema ruwa a jallo. Abin takaici, sau da yawa da ya gama sakandare sai a ce ya zo ya tsare shago ko ya bi motar shanu.

Ba mu ce hanyar tana da sauƙi ba. Daga digirin farko zuwa na dakta kusan shekara goma ne, albashin malamin jami'a bai taka kara ya karya ba, ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas. Saboda haka muke kira ga sarakunan Hausawa na Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwar kara da na goro da su kafa asusu, kowace unguwa ta ɗauki nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya har ƙarshen karatu. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello kuma su zauna da sassan kwamfuta, a fara ɗaukar ɗaliban da malaman ɓangarorin biyu za su duba aikinsu tare.