Ƙuri'ar Kano Kaɗai Ba Ta Tayar da Masaƙa

Kano ta saba ɗaga ƙaramar jam'iyya: PRP ta Malam Aminu Kano a 1979, NNPP ta Kwankwaso a 2023. Sai dai ƙuri'u kusan miliyan ɗaya da Kwankwaso ya samu a jihar ba su kai shi fadar shugaban ƙasa ba, domin tsarin mulki na buƙatar rinjaye da kashi 25 cikin 100 a jihohi 24. Masu cewa kujerar gwamna ta wadatar, su leƙa Sharada, Challawa da Bompai, inda masaƙu suka rufe, injina ke tsatsa. Harajin kwastan da manufar canjin dala, waɗanda ke shafar masaƙun, a Abuja ake yanke su. Don haka, tun kafin zaɓen fid da gwani, ƙananan jam'iyyu su ƙulla ƙawance da 'yan Aba da Ikeja kan farfaɗo da masana'antu.