Kafin ɗalibi ya ƙera kwaɗo, a koya masa ɓalle shi

Malaman jami'a da yawa kan buɗe darasin ilimin ɓoye saƙo da lissafi zalla, allo ya cika da alamomi, makonni su shuɗe ɗalibi bai san abokin gabar da ake yi wa shirin ba. Ya fi dacewa a fara da warware saƙon da wani ya ɓoye.

Tarihin fannin ma haka ya nuna. A ƙarni na 9, al-Kindi na Bagadaza ya bayyana cewa saƙon da aka musanya haruffansa yana tona kansa idan aka ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. A ba ɗalibi sakin layi na Hausa da aka matsar da kowane harafi gida uku, irin dabarar Kaisar na Rum. Da ya lura alama ɗaya ta mamaye shafin, zai gane "a" ce, sauran kuma su biyo baya. Daga ranar ya san cewa rubutu kan rikita ido alhali sirrinsa a fili yake.

A nan ne ƙa'idar da Auguste Kerckhoffs ya kafa a 1883 take zama a zuciya: tsari ya kasance amintacce ko da maƙiyi ya san yadda yake aiki, muddin mabuɗin bai shiga hannunsa ba. Tsarin WEP na tsaron Wi-Fi ƙwararru ne suka ƙera shi, amma a 2001 masu bincike suka nuna yadda ake gano mabuɗinsa ta hanyar tattara saƙonnin da ke yawo a iska.

Masu cewa ba a fahimtar RSA, wanda ya fito a 1977, sai da lissafi, gaskiya suka faɗa. Sai dai wanda ya raba 33 zuwa 3 da 11 da hannunsa, ya ga mabuɗin sirri ya faɗo, shi zai nemi sanin abin da ya sa ake amfani da lambobi masu ɗaruruwan alƙaluma.

Waɗannan ɗaliban ne gobe za su rubuta manhajojin banki da na asibiti. Wanda bai taɓa ɓalle tsarin wani ba yakan amince da nasa, ya ɗora albashin jama'a da bayanan marasa lafiya a kai.