Daɗin wasan ɓuya da tsoro

Wasannin bidiyo na tsoro da ɓuya sun ginu ne a kan raunin ɗan wasa. A Resident Evil, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1996, harsashi kaɗan ne, kowane harbi sai da lissafi. Metal Gear Solid na Hideo Kojima, a 1998, ya mai da laɓewa, har a cikin kwali, hanyar nasara. Amnesia kuwa, a 2010, ya hana makami ɗungurungum, sai gudu da ɓuya a kabad. Nan daɗin yake, domin gaba ba ya faɗuwa idan bindiga cike take. Shi ya sa Resident Evil na shida, da ya koma ruwan harsashi, ya rasa armashin na farko.