Tabkinmu yana bukatar mai tsaro

Yara, ran nan da marece na bi ta bakin tabki, a kan hanyata ta komawa gida. Na tarar da samari huɗu cikin ruwa, sun ware gidan sauro suna ja. Da suka fito na leƙa cikin kwanonsu. Babu kifi ko ɗaya da ya kai tsawon ɗan yatsana. Biyu daga cikinsu ƴan ajina ne, shi ya sa na ce sai mun yi wannan magana.

Gidan sauro ba ya zaɓe. Yana kwashe uwa da ƴaƴa, har da ƙwai. Ku duba karfasa: macen tana ajiye ƙwanta cikin bakinta har su ƙyanƙyashe. In ka kama ta a lokacin nan, kifaye masu yawa ka kashe, ba guda ba. Ga shi kuma an cire gidan sauron daga kan gado, an bar ƙanne da cizon sauro.

Wani zai ce: "Malam, ai tabkin zai ƙafe da rani, mi ne amfanin barin kifin?" Tambaya ce mai kyau. Amma kifin da ka kama ƙarami da damina, in ka yi haƙuri har lokacin ɗari, zai cika tukunya. Tabkin da ba ya ƙafewa kuwa, tilas a bar masa iri, kamar yadda manomi ba ya cinye hatsin shuka ko da yunwa ta matsa.

Matsalar ita ce, mutum ɗaya ba ya iya wannan haƙuri. In na bar kifin yau, wani ya kwashe gobe, ni ne na yi hasara. Sai in masu kamun duka sun haɗa baki.

Maƙwabtanmu na Kabi sun daɗe da gane haka. A Argungu akwai gulbin Matan Fada. Sarkin Ruwa ne ke kula da shi, kuma ana hana su a wurin har ranar biki. Ran nan ne dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora. Bikin ya ɗauki wannan tsari tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ya kai ziyara Argungu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake kiyayewa. A bikin 2020, kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Ku tuna da abin da ke cikin kwanon samarin nan, ku kwatanta.

Can Amurka ma akwai masu kamun kifi da ƙugiya wadda aka ɗaura wa gashin tsuntsu don ta yi kama da ƙwaro. A 1959 wasunsu suka kafa ƙungiya a jihar Mishigan, suna gyaran rafukan da suke kamu a ciki, suna dasa itatuwa a bakinsu. Sau da yawa ma sukan mai da kifin ruwa bayan sun kama. Wannan kam ba namu ba ne, mu don miya muke kamawa. Dashen itatuwan ne abin koyi, don rairayin da ruwan sama ke kwasowa daga tudu shi ke cike mana tabkuna.

Mu nan Kiyeshe cikin kwarin Dallol Mawri muke, wanda ya bi ta Dogon Dutsi ya gangara kudu wajen Gaya. Ruwanmu kaɗan ne, kuma da shi ake shayar da dabbobi, da shi ake noman rani. A ganina, ya kamata masu kamun kifi na kowane gari su yi ƙungiya, su zauna da mai gari da makiyaya da ma'aikatan gandun daji. Su sa ranar rufe tabki da ranar buɗe shi. Su hana gidan sauro da zuba magani cikin ruwa. Su zaɓi mutum guda mai tsaro wanda kowa ke jin maganarsa.

Ku kuma ga aikinku. Yau da dare ku tambayi kakanninku wane ne ke ba da izinin shiga tabki a zamaninsu, da wane wata ake buɗe shi. Ran Litinin kowa ya kawo amsarsa a rubuce.