Martani ga Mai Cewa Waya Ta Wadatar a Labarin Zaɓe

Wani marubuci ya yi da'awar cewa mai waya a hannu ya wadatu daga rediyo da jarida a sha'anin zaɓe, domin a intanet labari yakan iso da ɗuminsa, babu editan da ya tace shi. Batun sauri gaskiya ne, amma hujjar ba ta tsayu ba.

Shin wanda ya turo maka sakamako ta WhatsApp, daga wa ya karɓo, kuma wa ya shaidi adalcinsa? Malaman hadisi ba sa karɓar riwaya sai sun binciki isnadinta, alhali mu muna yaɗa alƙaluman da ba mu san asalinsu ba. A 2018, ana gab da zaɓe, ƙaryar cewa an musanya shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, da wani Jubril daga Sudan ta bazu har sai da shi kansa ya ƙaryata ta. Wane edita mai tsoron kotu zai buga wannan?

Kuma ranar 25 ga Fabrairun 2023, da shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC ya gaza nuna sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a kan kari, alƙaluman jabu ne suka cike giɓin, jama'a suna ta husuma a kan abin da hukumar ba ta sanar ba sai 1 ga Maris.